Ranar Juma'ar da Motata Ta Danne Ni a Tsakar Gida

Ban taɓa shan wuya irin ta ranar nan ba, kuma ni mutum ne da ya sha wuya. Na yi karen mota tun ina ɗan saurayi, na yi dako, na yi turin baro. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, don haka mai kula da wannan shafi ya yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin ya faru shekaruna sun haura hamsin, ina zaune a Hayin Banki da matata da yaranmu, a wani ɗan gida da na gina da ƙyar, mai tsakar gida da get ɗin da mota ke shiga. Sana'ata kabu-kabu, daga Kawo zuwa Kasuwa, da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Ita ce gonata, ita ce rumbuna. Kuma a lokacin ni mutum ne mai zafin kai, ba na son a koya mini abu, ba na son a leƙa mini gida.

Motar ta fara ƙara a ƙafar gaba ta hagu. In na faɗa rami sai in ji ƙwas-ƙwas, sitiyari yana ja gefe, taya tana cinyewa ta ciki. Bakaniken da nake kai wa ya girgiza tayar ya ce bol-joyin ne ya mutu, wato ƙarfen nan mai kai kamar ƙwallo da ke riƙe ƙafar mota. Ya ce in ya ɓalle ina tafiya taya za ta kwanta, in kife da mutane. Amma wai garejinsa a cike yake, sai dai in dawo Litinin. Na ce a raina, abin da bai fi 'yan notuka ba, ni da na tsufa ina kallon ana kwance shi. Na biya Panteka na sayo sabo, na aro guduma, na ajiye aikin zuwa Juma'a, don ranar matata da yara za su tafi suna gidan ƙanwarta a Badarawa. Na lissafa cewa in na fara da hantsi, kafin kiran sallar farko na gama, na yi wanka, na sa farar rigata.

Damina ce, kuma an yi ruwa daren ranar, ƙasar tsakar gidan ta yi laushi. Na ɗaga motar da jak, na tura bulon siminti ƙarƙashinta, irin mai ramuka da ya rage mini na gini. Na cire taya, na shure ta da ƙafa ta shiga ƙarƙashin motar, ba don wata dabara ba, don dai ta daina tare mini hanya. Notukan sun ba ni wahala amma sun fita bayan na jiƙa su da kalanzir. Shi dai bol-joyin ɗin ne ya ƙi. Tsatsa ta haɗe shi da mazauninsa kamar tare aka ƙera su. Na buga ta nan, na buga ta can, gumi ya jiƙa ni, hannuna ya fashe. Sai na ga jak ɗin yana hana gudumar tafiya sosai, na sauke shi na jawo shi gefe, na bar motar a kan bulo kaɗai. Daga nan na kwanta rigingine na shige ƙarƙashi don in buga ta ciki.

Ba wata ƙara mai yawa aka yi ba. Bulon ya ce ƙus, kamar an karya ƙuliƙuli, motar ta sauko. Tayar nan da na shure ita ta tare gangar jikin motar, ba don ita ba da yanzu wani ne ke ba ku labarina. Amma abin da ya sauko ya isa. Ƙarfe ya danne mini ƙirji da kafaɗar hagu, kaina ya juye gefe, kumatuna cikin laka. Hannun dama ne kawai ke motsi. Na yi niyyar ihu, sai na ji ba iskar da zan yi shi da ita. Numfashi sai ɗan kurɓa-kurɓa, kamar mai shan koko mai zafi. In na ja da ƙarfi sai in ji wani abu yana soke ni a haƙarƙari. Wayata tana aljihun rigar da na rataye a bakin taga. Na laluba da hannu na samu sifana, na riƙe ta, ban ma san me zan yi da ita ba.

Daga inda nake kwance ina hango ƙasan get, wurin da ke da ɗan sarari tsakanin ƙarfe da ƙasa. Ina ganin ƙafafun mutane suna wucewa masallaci. Can sai ga wasu takalma sun tsaya, ga bakin farar riga. Maƙwabcina ne, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, wanda duk Juma'a yake biyo mini mu tafi tare. Ya yi sallama. Na amsa, amma ko ni ban ji muryata ba. Ƙaramar ƙofar get ɗin ba a sa mata sakata ba, turawa kawai zai yi. Sai dai na san ba zai tura ba, kuma ni na jawo.

Shekara guda kafin ranar nan ragonsa ya tsinke ya faɗo gidana, ya biyo shi da gudu bai tsaya sallama ba, ya tarar da matata tana wanki ba mayafi. Mutumin nan ya girme ni, ya juya da sauri, ya ba da haƙuri har sau biyu. Ni ban bar maganar a nan ba. Na je ƙofar masallacin unguwa bayan magariba, gaban mutane, na ce masa gidana ba ofishin gwamnati ba ne da kowa ke faɗawa. Na ce ko wuta aka ga tana ci a gidana, ban yarda wani namiji ya taka mini tsakar gida ba. Ya sunkuyar da kai. Daga baya aka sasanta mu, muka ci gaba da tafiya masallaci tare, amma tun ranar ko ruwan sama ake yi a waje yake tsayawa.

Ya yi sallama ta biyu, ya kira ni Direba kamar yadda ya saba, ya ce in fito liman ba fasinja ba ne da zai jira mota ta cika. Na tattara ƙarfina na buga sifanar a jikin ƙarfe. Na sake bugawa. Na ji ya yi 'yar dariya, ya ce ashe ina ciki, aiki nake. Ya yi ta uku, ya ce to tunda yau ƙarfe ya fi Musulmi daraja har ba a amsa sallama, shi ya yi gaba, in na ga dama in taho da baƙin mai a goshi. Takalman suka ɗan tsaya. Na ga sun matso dab da ƙofar, har na ji ƙarfenta ya ɗan motsa. Sai suka ja da baya, suka tafi. Na yi ta bugu har hannuna ya mutu, kuma duk bugun da na yi, a kunnen mai wucewa bakanike ne ke aiki.

Unguwa ta yi tsit. Lasifikar masallaci tana kawo mini huɗuba tiryan-tiryan, ina jin kowace kalma, ban iya ko ɗaga kai ba. Rana ta dawo tsakiya, ƙarfen ya ɗauki zafi. Wani mai yana ɗiga mini a wuya, tururuwa suka samu hanya ta cikin singiletina, ba halin in kore su. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙasar. Tana da laushi, tayar tana ɗan nutsewa, nauyin yana ƙaruwa a ƙirjina kaɗan-kaɗan. Hannun hagu na daina jin sa gaba ɗaya. Na yi kalmar shahada a zuci. Na tuna matata ba za ta dawo ba sai la'asar sakaliya, kuma autarmu ce kullum ke rigan kowa shigowa da gudu. Ita za ta fara ganin ƙafafuna. Wannan tunanin ya fi ƙarfen nauyi. Aka tayar da salla ina ji, aka yi ruku'u, aka yi sujada, aka sallame. Tunda na balaga ban taɓa rasa Juma'a ina cikin gari ba sai ranar.

Ƙafafu suka fara dawowa. Na ɗaga sifanar da ƙyar, bugun ya koma kamar na kaza mai tsattsaga. Takalman nan suka sake tsayawa. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya yi sallama, ya ce bai gan ni a sahu ba, lafiya kuwa. Ya ce in ina jin sa in yi magana. Na buga sau ɗaya, sifanar ta suɓuce. Sai na ga ya juya da sauri. Na ce shi ke nan, an gama. Ashe gidansa ya shiga ya kira matarsa, tunda mace ba a hana ta shiga gidan kowa. Hajiyar ta turo ƙofa tana kiran sunan matata, ta ga ƙafafuna, ta saki salati. Ina jin shi daga waje yana tambayarta ko ya shigo. Ta ce masa katin gayyata yake jira ne, mutum yana mutuwa, ya kira maza.

Masu dawowa daga masallaci ne suka cika tsakar gidan, da fararen kayansu da turarensu. Ba wanda ya tsaya neman jak. Suka kama motar da hannu, wani ya ce bismillah, suka ɗaga, maƙwabcin nawa ya kama ƙafafuna ya jawo ni cikin laka. Iskar farko da na ja ta fi komai zafi, ta fi komai daɗi. A motarsa aka kai ni asibiti. Likitoci suka ce haƙarƙari ya tsage, kafaɗa ta goce, suka mayar da ita, suka ɗaure ni, suka sallame ni da yamma. A hanyar dawowa ya gaya mini cewa tun zuwansa na farko bugun bai kwanta masa ba, don bai yi kama da na mai aiki ba. Ya ce har ya ɗora hannu a ƙofar, sai ya tuna maganata, ya janye. Ya ce bai san me liman ya faɗa ba ranar. Yana maganar yana ba ni haƙuri. Shi ne ma ke ba ni haƙuri.

Har yau hannun hagun nan ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, kuma in hadari ya haɗu ƙirjina ne ke fara sani. Abin da zan gaya wa 'yan'uwana masu mota kaɗan ne. Bulon siminti na gini ne, ba ya ɗaukar mota. Kada ka shiga ƙarƙashin abin da ya fi ka nauyi kai kaɗai a gida, ko da ka iya aikin, balle irina da kallo kawai na yi. Aikin da bakanike ya ce jira Litinin, jira Litinin. Sai kuma baki. Kare mutuncin iyali daidai ne, ban ce a bar ƙofa kowa ya faɗo ba. Amma in maƙwabci ya yi kuskure ya ba da haƙuri, ka karɓa a inda ya bayar. Maganar da ka faɗa cikin fushi kai za ka manta, mutumin kirki ba zai manta ba, zai riƙe maka ita har ranar da za ta kashe ka.

Daren ranar a zaune na kwana, jingine da bango. Washegari da asuba matata ta zuba mini ruwan alwala, na lallaɓa zuwa masallacin unguwa na yi salla a zaune. Da aka sallame na roƙi mutane su ɗan dakata. Na ce a nan na faɗi wata magana bara, a nan na zo in janye ta. Na nemi gafarar dattijon gaban kowa, na ce daga yau duk wanda ya ji abin da bai gane ba a gidana ya shigo, in ƙofar a kulle take ya ɓalle ta. Ya ce ya yafe, amma in daina dogon jawabi kada haƙarƙarin ya ƙarasa. Ya riƙe ni muka tako gida a hankali. Da gari ya waye sosai, na aika aka kira mini bakanike.