Mai Littafi da Mai Rubutu

A zauren mahaifina a Sabon Birni na koyi kwafar littafi da ajami, can kuma na koyi yadda ake rufe shi. In ka kai shafin ƙarshe sai ka yi hamdala, ka ce mai littafi wane, mai rubutu wane. Mai littafi ya ɗauki abinsa, amma sunan mai rubutu yana nan, kuma wanda duk ya zo aro don ya kwafa ba a hana shi. Da wannan fahimta na shiga aikin bidiyo, ina ɗaukar walima da saukar karatu.

Wata shekara wata ƙungiya daga Sakkwato ta ba ni aikin ɗaukar bayani a kan tsohon irin gero. Jami'insu ya kawo takarda da Turanci, ya fassara mini a tsaitsaye cewa duk abin da na ɗauka mallakarsu ne. Na ce ai haka yake, na sa hannu da ajami har ya yi dariya. A raina su ne masu littafi, ni mai rubutu.

A Tozai, wani ƙauye a ƙasar Isa, na sami wani tsoho zaune gindin rumbunsa. Da na kafa kyamara ya dube ta ya ce, "Malam, ƙafa uku kamar murhu. Mi za ka dafa?"

Na ce, "Maganarka, Baba."

"To kada ka bari ta ƙone."

Tun hantsi yana magana har kiran azahar: gero, shekarun farin da ya gani, matarsa da ta rasu. Da fim ya fito, ɗan kaɗan sunka ɗiba, sunka aza muryar wani da Turanci a kan tasa. Sunana babu. Na buga wa jami'in waya, sai ya karanta mini sauran takardar: ba suna, ba bayarwa, ba nuna wa kowa sai da izini a rubuce. Na kashe wayar.

Bayan kaka tsohon ya rasu. Wata rana ɗiyarsa, mace mai jikoki, ta yi sallama a ƙofar shagona.

"Malam, an ce muryar Baba tana wurinka. Ba ya da hoto ko ɗaya. In ji shi kawai nika so."

Na ce ta ba ni lokaci. Jami'in ya ce an rufe aikin, mai ba da izini ya bar wurin, sai dai in rubuto wasiƙa. Na rubuta har sau biyu, shiru. Na je wurin yayana, limamin unguwarmu.

Ya ce, "Ka karanta kafin ka sa hannu?"

"Yaya, ka san ba ni jin Turanci."

"Ka ce a fassara maka duka?"

"A'a."

"To alkawari ya hau kanka. Ita ma tana da hakki. Ban da wuƙar da za ni yanka maka wannan."

Na ga takardar da na sa wa hannu ba ta ambaci kwafewa da tawada ba, ko haka na lallashi kaina. Na sa abin ji a kunne, na kwana uku ina kwafe maganar tsohon da ajami, har zancen murhun.

Da ta dawo na miƙa mata rubutun. Ta juya shafukan a hankali.

"Allah shi saka. Ya yi tarin nan nashi kafin shi fara?"

"Ya yi."

"Sau biyu?"

"Sau biyu, Inna."

Kwamfutar da muryar take ciki tana cikin jaka kusa da ƙafata. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ɗaure takardun a gefen mayafi ta tafi neman mashin zuwa Isa.

A shafin ƙarshe na sa sunan mahaifinta, mai magana, da nawa, mai rubutu. Wurin mai littafi na bar shi fari. Muryar tana nan cikin jakar har yau, wasiƙa ta uku da na aika kuma ba amsa.