Matar da Ta Huda Jarkar Mama

"Ke wace irin muguwa ce?" Haka Mama ta faɗa wa matar da aka turo ta koya mana zubar da shara, lokacin ina aiki a shagon maganin gona a Zuru.

Tun daga ƙauyen Manga Mama ta taso don in ba ta jarkar maganin ciyawa da ya ƙare, ta riƙa zuba ruwan sha. Sai ta iske matar tana huda jarkokin maganin da wuƙa.

Matar ta ce, "Mama, gara ki zage ni yau da in zo miki ta'aziyyar jika, don dafin maganin ba ya fita daga jarka."

Washegari matar ta aiko wa Mama sabuwar jarka.

Jiya na huda jarkar maganin da maƙwabciyata ke zuba ruwan sha a ciki, ni ma na sha zagi. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Ku fa, jarkar ruwan gidanku, me aka fara zubawa a cikinta?