Mujallar da Baba Ya Kasa Karantawa

Duk tsufan da zan yi, ranar da na kai wa wani dattijo mujallarmu ba za ta fita daga raina ba.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ne hukumar birni ta sallame ni daga aikin tsara takardu da fosta a Birmingham. Da zaman banza ya ishe ni, sai ni da wata ƙawata, ita ma mai zane, muka fara haɗa 'yar mujalla da hannunmu, irin wadda ake kira zine. Mu yi fotokwafi, mu ninke, mu ɗinke da zare.

Fitowa ta uku mun yi ta ne a kan laburaren unguwarmu da ake shirin rufewa a Aston. Na yi hira da wani tsoho ɗan Kumasi, Bahaushe, wanda kullum yake zuwa can ya zauna kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Baba nake ce masa. Ya gaya mini tun rasuwar matarsa nan ne kaɗai ake gaishe shi da sunansa. Na jera maganarsa da ƙananan haruffa masu launin toka a kan takarda ruwan ɗorawa, don abin da ake yayi ke nan a lokacin.

Muka kai ta baje kolin masu irin wannan sana'a a Manchester. Masu zane suka yi ta yaba tsarin shafin, ba wanda ya tambayi labarin tsohon. Ban lura da hakan ba sai daga baya.

Da na dawo na kai masa tasa. Ya matso da ita kusa da fuskarsa, ya nesanta, ya cire tabarau ya goge.

"Ɗiyata, maganata ce a nan?"

Na ce eh. Ya ce in karanta masa. Na karanta, yana gyaɗa kai. Da na gama ya miƙo mini ita.

"Ki ajiye, ke da kike da ido."

Na sake buga shafin da manyan haruffa baƙaƙe, amma na yi ta jan ƙafa. Kafin in kai, an rufe laburaren, kuma ban san gidansa ba.

Tun daga ranar, kafin in zaɓi harafi ko launi, sai na fara tambayar kaina wa zai riƙe takardar nan a hannunsa.