Ɗorin Gidanmu

A gidanmu na Shagari, in an ce gado, ba gona ake nufi ba. Ɗori ake nufi. Kakanmu ya yi, Baba ya gada, kuma mutane sun yarda abin a jini yake, wai ko jaririn gidan ya taɓa karaya sai ta kama. Baba yakan ce wannan zancen ragwaye ne, gado sai an zauna an koya. To amma maza kaɗai yake zaunarwa. Ni nawa in fere karan ɗauri, in narka man shanu, sai a ce in shige ciki. Har yau ina jin haushin abin, ba zan ɓoye ba.

Yayana aka koya wa, shi kaɗai ne namiji. Ya tafi Kudu cirani, sai labarin rasuwarsa muka samu. Baba bai daɗe ba ya bi shi. Ni ina aure a Bodinga, daga baya mai gidan ma ya rasu, na zauna ni kaɗai ina ƙulla gyaɗa a leda.

Wata safiya da damina, wata mata daga Horo Birni ta yi sallama, riƙe da 'yarta. Yarinyar ta faɗo daga amalanke, hannu ya lanƙwashe ya kumbura. Sun je Shagari sun tarar da gidanmu a rufe, aka kwatanta musu ni.

"Ke aɗ ɗiyar mai ɗori?"

"Ni ce, amma ban iya ba."

"Haba Inna, ai gado na. Ki kama mata."

Na karɓi hannun. Wallahi na so in gwada. Na san tsawon karan, na san tsumman da ake naɗawa. Amma inda Baba ke latsawa kafin ya ja, nan ne ake korata. In na ja ba daidai ba, haka yarinyar nan za ta girma da hannu a karkace. Na sake shi a hankali, na ce su yi asibiti yanzu-yanzu.

Matar ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"To wa ya rage gidan naku?"

"Ni."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗan russuna ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan su," kamar ranar aka yi rasuwar. Na ce amin. Da suka fita, na rasa wanda zan gaya wa.