Ƙafar 'Yar Gwada

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, aka shigo da akuyata gidanmu na unguwar Kpakungu a cikin baro. 'Yar Gwada muke ce mata, don a kasuwar Gwada kakata ta saya mini ita. Aikina ne kullum in ɗaure ta a gindin mangwaro in zuba mata ɓawon doya da dusa, amma ranar 'yar gala-gala ta ɗauke mini hankali, na bar igiyar a sake. Ta fita titi, ɗan acaɓa ya buge ta a gadon baya. Babu jini ko ɗigo, idonta tar, sai dai ƙafafunta na baya jan su take kamar tsumma.

Baba ya dube ta, ya ɗauko wuƙa ya hau wasa ta a dutse. A gidanmu ba a barin dabba ta zama mushe. Da an ga ba za ta tashi ba, a yanka. Na riƙe masa riga ina kuka har Inna ta sa baki, ta ce a bari maƙwabcinmu Baba Danjuma ya gani tukuna. Dattijo ne manomi da ya taɓa aiki a asibitin dabbobi, Hausarsa kuma ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinsa. Kafin ya iso na yi dabarata: na tura mata ɗanyen ganye a gaba, don kowa ya ga tana ci, a san da sauranta.

Da Baba Danjuma ya iso sai ya durƙusa, ya shafa ƙashin bayanta a hankali, sannan ya ciro filaya daga aljihu ya matse tsakanin kofaton ƙafar hagu. Ƙafar ta fizge! Na daka tsalle ina cewa ta ji, wallahi ta ji, ina roƙon Baba ya mayar da wuƙar. Amma fuskar dattijon ba ta sake ba.

"'Yata, kafa kake kallo," in ji shi. "Kalli kai."

Ya ce ƙafa takan janye da kanta, domin lakar da ke cikin ƙashin baya tana ba ta umarni ba sai ta jira ƙwaƙwalwa ba. In dai hanyar jijiya ba ta yanke ba, saƙon zafin zai kai sama, akuyar ta waiwayo ko ta yi kuka. Zai sake matsawa, sau ɗaya, da ƙarfi.

Inna ma ta ajiye taɓarya. Ni da na sha dambe da yaran layinmu don sun jefe ta, ranar na ƙura wa kanta ido ina roƙon Allah a zuciyata ta ji zafi, ta kurma ihu har a jiyo ta a unguwar Bosso. Ya matse iya ƙarfinsa. Ƙafar ta sake fizgewa. Ita kuwa ko kunne ba ta kaɗa ba, tana ta tauna ganyen da na ba ta, hankali kwance. Ganyen da na kawo don ya cece ta shi ya nuna wa kowa gaskiya. Baba ya jira har na kwance igiyar daga wuyanta da hannuna. Naman bai shiga bakina ba, kuma ba wanda ya matsa mini.

Yau an sare mangwaron an yi shago a wurin, Baba Danjuma ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana kuma a zanen littafi suke ganin laka da jijiyoyi. Amma duk ranar da tukunya ta ƙone ni, hannuna ya janye kafin in san abin da ya faru, nakan tsaya in jira raɗaɗin ya iso. Idan ya iso, hamdala nake yi.