Hajiya Rabi da Ƙofofin Bayan Wendover

A Damagaram da Abijan da Jidda, duk inda na yi dillancin gidaje, maƙwabta ake fara lissafa wa mai neman gida. Aibin gini kuwa, a bar shi ya gano da kansa. Da na zo Greensboro, a Amurka, sai na tarar da abin a juye. Doka ta tilasta wa dillali faɗin aibin gida, ta kuma hana shi nuna wa mutum unguwa bisa addini ko launin fata, don kada a ware kowa. Wanda ya karya, lasisinsa na iya tafiya.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, akwai wata safiya a farkon shekarun 2000 da har yau take dawo mini kamar mafarki. Na kai Hajiya Rabi ganin wani tsohon gida a bayan titin Wendover. Mutuniyar Maraɗi ce, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ɗanta kuma a wurin aiki yake wuni. Manajarmu, wata baturiya, ta biyo mu, saboda ina sabo.

Ganyaye na zuba a hankali, ja da rawaya, unguwar shiru kamar an kwashe mutanenta. Na bayyana wa Hajiya cewa tsohon fentin gidan na iya ɗauke da gubar dalma, mai cutar da yara.

"Alhaji, kai dillali ne ko maƙiyin mai gidan?" in ji ta. "Bar zancen fenti. Akwai namu a nan?"

Akwai su, can ƙarshen layi, na kuma sani.

"Ba ni da izinin faɗa, Hajiya."

"Faɗa min da Hausa mana. Wannan ba ta ji."

"Ita ba ta ji, amma dokar na ji."

Hajiya ta dubi bishiyoyi, ta ce, "Ni fa wanda zan ce wa ina kwana nake nema."

Manaja ta nemi fassara, na yi mata. Ta ɗan yi tunani ta ce, "Kai aka hana faɗa. Ita ba wanda ya hana ta tambaya."

Da na mayar wa Hajiya wannan, sai ta gyara mayafi, ta bi layin tana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya bayan ɗaya tana sallama. Muna tsaye muna kallo tana ƙanƙancewa a cikin ganyen. Can nesa wata ƙofa ta buɗe, ta shige, ba ta fito ba sai azahar. Ta karɓi gidan.

Tun daga ranar na daina zaɓa wa mutane maƙwabta. Nakan faɗi abin da ke jikin gini, in koma bakin titi in jira.