Dillalin da Yayarsa Ta Kiwata

A karar shanu ta Filinge har gobe ana ba da labarin ranar da Kailu dillali ya sayar da bijimin Sambo yana barci. Mai saye ya kama hannunsa ya yi tayin farko, irin wanda ake yi don a ji "albarka" a ƙara. Kailu na zaune gindin aduwa, hannu cikin hannu, sai kansa ya yi ƙasa, ya taso, ya sake yin ƙasa. Mutumin ya ga an gyaɗa kai, ya yi godiya ya ja igiya. Sambo ya dawo daga shan ruwa ya iske dillalinsa na munshari, bijimi kuwa ya kama hanyar garin Damana. Sai da dattawan kara suka sa baki aka warware cinikin.

Gari ya sha dariya. Delu, yayar Kailu, ta fi kowa, don a ganinta barcin rana na ƙosassu ne, ƙoshin kuwa aikin hannunta ne.

Shekarar babbar yunwa, zamanin soja, uwarsu ta rasu ta bar mata shi, yaro mai haƙarƙari a waje. Ita ke bin layin rabon jar dawa, ta dafa ta tura masa, ta ce ta ci a hanya. Yunwa ta wuce, sojoji suka tafi suka dawo suka sake tafiya, Kailu ya yi gemu ya yi aure, amma kwanon Delu bai daina zuwa ba: fura da kindirmo da hantsi, tuwo na iyo cikin man shanu da marece. In ya ce ya ƙoshi, sai ta zauna ta zuba masa ido har ya suɗe.

Matarsa Haske ta sha faɗa mata cewa numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya yi shiru kamar an toshe tulu, sannan ya zabura yana haki.

"Ke dai ba ki san ramamme ba," in ji Delu. "Bar shi ya huta."

Ranar da ya yi gyangyaɗi bisa babur ya faɗa cikin gonar gero, aka kai shi asibitin Yamai, Delu na biye da ƙullin kwanonta. Lokotoro, wato likita, ya sa aka auna barcinsa, aka ɗebi jininsa. Ya ce kitsen wuya na danne hanyar iska, ita kuma ta kumbura daga ciki saboda wahalar da take sha, jinin ma ya nuna alamar kumburin. In ba a rage jikin nan ba, zuciya za ta gaji. Sai ya tambaya, ba da wata manufa ba, wa ke kula da cimarsa.

Haske ta dubi silin. Kailu ya dubi takalminsa. Delu ta ja gefen zanenta ta rufe kwanon da ke cinyarta, amma ƙamshin man shanu ya riga ya ba da amsa.

Tun daga nan kwanon ya koma na kopto, zogale dafaffe da ɗan ƙuli. Delu ba ta iya haɗa ido da Kailu. In ya yi munshari ta ce ita ta jawo. In rigarsa ta yi masa yawa sai ta hango yaron shekarar yunwa, ta juya baya tana share ido da bakin kallabi. Sau tari cokalin mai ya kai bakin tukunya ta mayar da shi.

Wata ranar kasuwa ta kai masa kwanon har kara. Sambo ya leƙa ciki ya kwashe da dariya.

"Yaya Delu, kin kiwata sa ya kai na sayarwa, yanzu kuma kin mayar da shi akuya mai cin ganye?"

Delu ta sunkuyar da kai. Kailu ya karɓi kwanon ya kai loma.

"Bar ta, Sambo. Da can da mai ta raya ni, yanzu da ganye za ta sake raya ni. Ni dai abin da take ba ni shi nake ci. Yaya, gobe ki ƙara ɗan gishiri, lokotoro bai ce a yi mini horo ba."